Tafarnuwar da Ake Saye Tun Tana Ganye

A layin 'yan tafarnuwa na kasuwar Achida ko ta Goronyo, idan rani ya tsaya, akwai buhun da ba a tayawa. Yana jingine a bayan rumfar dillali, an ɗinke bakinsa, an shafa masa alama da gawayi. Ka tambayi kuɗinsa, dillali ya ce maka, "Alhaji, wagga ta riga ta yi mai ita." An biya tun cikin hunturu. Mai kilishi daga birnin Sakkwato ya ajiye kafin alƙalami, mai yajin sayarwa ta aiko ɗanta da nata, wani mai maganin gargajiya ya kama tiya biyu. Kafin a cire ta daga ƙasa an gama rabonta.

In aka yi maka alfarma aka kwance bakin buhun, mamakinka ƙaruwa zai yi. Ba ta kama ƙafar tafarnuwar waje ba wajen girma, wadda ake shigowa da ita cikin raga daga ƙasar Sin, inda ake noma sama da kashi 70 cikin 100 na tafarnuwar duniya. Waccan kai ɗaya yakan cika tafin hannu. Wannan kuwa matsakaiciya ce, fara, a matse. Ko tsakanin tafarnuwar gida ma, ido kaɗai ba zai ware maka ita daga ta buhun da ke kusa ba. Amma ta kusan tana jiran mai saye, ita kuwa ana rige-rigenta, har da ƙarin kuɗi.

Buhun da nake magana a kai na wani dattijo ne a wani ƙauye na ƙasar Rabah, a bakin gulbi. Lambunsa bai fi rabin eka ba. Dama da hagu maƙwabta ne masu noman abu ɗaya, wasunsu sun ninka shi fili, sun fi shi injin ban ruwa. To me ya sa tasa ce ake nema?

Amsar da ta fi yawo a majalisa ita ce asiri. Wai akwai laya a binne a kusurwa huɗu ta lambun. Masu sauƙin baki suka ce farin jini ne kawai, suna ne ya fita, kuma in suna ya fita ko ƙasa ka zuba a buhu za a saya. Wannan magana ta biyu ita ta cancanci a fara gwadawa, domin in gaskiya ce babu sauran abin bincike.

Gwajin bai buƙaci ɗakin kimiyya ba. Wata mai yaji a Wurno, wadda ta daɗe tana daka yajin jego na sayarwa, aka ajiye mata kawunan tafarnuwa a faifai biyu ba a gaya mata wace ce wace ba. Ta ɗauki kai ɗaya daga kowane faifai ta auna a hannu. Ta matsa da babban yatsa. Ta ɓare ƙwaya, ta murƙushe ta da gindin cokali a kan turmi, ta ɗan jira, sannan ta kai hanci. Ta haɗa yatsunta biyu ta raba, ruwan yana kama su kamar ƙaro. "Wannan ce," in ji ta, ta tura faifan dattijon gaba. "Uku nake sawa inda nake sa biyar na waccan. Kuma ita tana kai ni har damina ba ta yi fanko ba."

Ashe ba suna kaɗai ba ne. Akwai abubuwa uku da hannu da hanci suke shaidawa: nauyi, ƙarfin ƙamshi, da jure ajiya. Dukkansu kuma suna da bayani.

Tafarnuwar da ba a taɓa ba kusan ba ta da wari. A cikin kowace ƙwaya akwai sinadarai biyu da ke zaune a ɗakuna daban: ɗaya ana ce masa aliyin, ɗayan kuma alinas, wanda aikinsa shi ne ya tayar da na farkon. Sai wuƙa ko taɓarya ta rushe bangon da ke tsakaninsu suke haɗuwa, nan take su haifi alisin, mai yajin nan da ke kama harshe. Shi ya sa mai yaji ta ɗan jira kafin ta sansana. A 1944 ne Chester Cavallito da John Bailey suka ware alisin a Amurka, bayan 'yan shekaru kuma Arthur Stoll da Ewald Seebeck suka gano aliyin a birnin Basel na Suwizalan. Zafin wuta yana kashe alinas, abin da ya yi daidai da abin da muka taso muka tarar a karatu: an hana wanda ya ci ɗanyarta kusantar masallaci, Sayyadina Umar kuma ya yi nuni da a kashe warinta da dahuwa.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan sinadarai da farar wuta ake gina su, wadda shuka ke tsotsa daga ƙasa. Kuma kusan kashi 60 cikin 100 na ƙwayar tafarnuwa ruwa ne. In ruwan ya yi yawa, ƙamshi ya tsinke, ajiya ta gajarta. Saboda haka tambayar ta sauya kama. Yanzu abin nema shi ne: me ya sa tafarnuwar dattijon ta fi tara farar wuta, ta kuma fi ƙarancin ruwa?

Wanda aka fara tuhuma shi ne wurin. Wannan yanki fadama ce ta gulbi biyu. Gulbin Rima ya biyo ta Goronyo da Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi, inda kuma ya rasu a 1837. Gulbin Sakkwato ya biyo ta Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Su biyun suna haɗuwa a kusa da birnin Sakkwato. Shekaru aru-aru ambaliya tana shimfiɗa sabuwar laka kowace damina. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 ta rage ambaliyar da ke isowa Rabah, madatsar Goronyo da aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da mita kubik miliyan 900, ta yi wa Rima linzami. Daga farkon shekarun 1990, da shirin Fadama na Bankin Duniya, ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin fetur suka kori jigo. Har masu bincike a jami'o'i sukan kira wani irin tafarnuwa da sunan Lugu, ƙauyen da ke ƙasar Wurno, kamar yadda ake kiran wani da sunan Kofa ta jihar Kano.

Duk wannan ya bayyana dalilin da ya sa yankin ya yi suna. Bai bayyana bambancin lambu da lambu ba. Gaskiya ne lambun dattijon yana inda laka ta gauraya da rairayi, ruwa ba ya kwanciya, tafarnuwa kuma ba ta son ƙafarta a cikin taɓo. Amma maƙwabcinsa na gabas ƙasarsu ɗaya, kunya ce kawai ta raba su, kuma daga ruwa ɗaya suke ja. Wuri ya ba da nasa, sai dai ba shi ne mai laifin ba.

Na biyu shi ne sanyi. Tafarnuwa 'yar hunturu ce. Tana buƙatar daren sanyi na Disamba da Janairu ta yi ganye, domin ganyen ne ke tara abincin da zai sauka ya zama kai. Da zarar zafin Maris ya kunno, lokacin da rana a Sakkwato ke haura digiri 40, girma ya tsaya, ko ta shirya ko ba ta shirya ba. Wanda ya shuka a farkon Nuwamba ya ci hunturun gaba ɗaya. Wanda ya tsaya sai ya gama yankan shinkafa da sussuka, ya shuka a tsakiyar Disamba, ya ci rabi. Dattijon ba ya sa shinkafa mai daɗewa a wannan fili, don kada ta tsare masa Nuwamba. Wannan ya fitar da yawancin maƙwabta daga lissafi. Amma akwai biyu da suke shuka mako ɗaya da shi, kuma tasu ba ta kai tasa ba.

Na uku taki. A nan ne maganar farar wuta ta dawo. Ƙasar arewa dama ba ta da yalwarta, ƙona ciyawa kuma yana ƙara kore ta. Yuriya, wadda manoma suka fi so saboda ganye ya yi shar cikin kwana kaɗan, kashi 46 cikin 100 nata sinadarin ganye ne, babu farar wuta ko ɗigo. In aka cika ta, musamman a ƙarshe, wuyan tafarnuwa yakan yi kauri, kai ya kumbura da ruwa, wani lokaci ƙwayoyin su fara tsiro tun suna ƙasa. A sikeli riba ce. A rumbu asara. Dattijon takin awaki da na tumaki yake zubawa, wanda ya ruɓe tun damina, sai ɗan takin sufa lokacin gyaran fangali, ita kuwa sufa tana ɗauke da farar wuta. Yuriya kaɗan yake sawa da wuri, in ganye ya kai rabin tafiya ya ɗauke hannu.

Har nan an ce an kama zaren. Maƙwabcin gabas, saurayi ne mai ƙwazo, ya bi wannan tsari sak. Ya sayi takin awaki, ya rage yuriya, ya shuka ranar da dattijon ya shuka. Tafarnuwarsa ta gyaru, mai yaji ma ta shaida. Amma da aka ajiye buhunan biyu, tasa ta fara laushi tun kafin ruwan farko.

Sai aka koma kan makonnin ƙarshe. A nan na ga abin da ido. Ganyen lambun ya fara ja daga ƙasa, ƙasar fangali ta tsattsage, injin yana gefe an lulluɓe shi da buhu. Na ce, "Baba, ba ka tsoron ta ƙone?"

Ya tsuguna ya kama tushe ɗaya, ya ƙirga ganyen da yatsa daga sama zuwa ƙasa. "Ɗana, kowane ganye da kaka gani nan, riga ce a jikin kai. In na cire ta ganye duk shina ɗanye, ruwa na ciro. In na bari duk suka bushe, rigunan sun ruɓe cikin ƙasa, kai ya buɗe baki, tsirara za ta shiga rumbu." Ya tona da yatsa ya nuna mini ƙwayoyin sun fito fili a ƙarƙashin ɓawo. "Sai ta ji ƙishirwa kamar mako biyu. Sannan in cire."

Bayan cirewa ma bai yanke ganyen ba. Ya ɗaure su dami-dami, ya rataye a rumfar zana inda iska ke ratsawa, rana ba ta dukan kawunan kai tsaye. Sai wuya ya bushe ƙamas, har ya yi ƙara in an murza, sannan wuƙa ta taɓa shi. Wuyan da ya rufe da kansa shi ne ƙofar da ruɓa ba ta samun shiga. Yawancin manoma ba rashin sani ne ke hana su yin haka ba. Bashin fetur da na taki ne ke ƙwanƙwasa ƙofa, ga shi kowace rana ta bushewa nauyi take ragewa. Sai su ba da ruwa har jajibirin girbi, su yanke ɗanya, su kai kasuwa.

Saurayin ya jure wannan ma a shekara ta gaba. Ya hana ruwa, ya rataye a inuwa. Ajiya ta yi kyau. Amma kawunansa ba su kai na dattijon cika ba, kuma tun a fili ana ganin wasu tsirrai da zane-zanen rawaya a ganye, gajeru, kamar sun gaji. Masu maganar laya suka samu abin faɗa. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, taki ɗaya, har iri ɗaya, domin saurayin daga buhun dattijon ya sayi abin da ya shuka. Me ya rage in ban da asiri?

Kalmar "iri ɗaya" ita ce inda kowa ya yi tuntuɓe. A cikin ɗakin dattijon, sama da gadonsa, akwai wasu damuna a rataye da ba su taɓa ganin dillali ba. Da ya sauko da ɗaya, kawunan sun fi duk abin da ke cikin buhun da ake rububi. Na ce, "Baba, wannan fa nawa?" Ya yi dariya. "Wadda nika saisuwa daban, wadda nika shibkawa daban."

Ga yadda abin yake. Tafarnuwar da muke nomawa ba ta yin ƙwayar iri ta hanyar fure kamar gero ko albasa. Ƙwayar da ka ɓare ka dasa yanki ce ta jikin uwar, don haka duk abin da uwar ke ɗauke da shi ya bi ta, ƙarfi ko ciwo. Akwai cututtukan bairos da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, su ne ke kawo zanen rawaya da tsumburewa. Ba sa kashe shuka, ba su kuma da magani, sai dai su zauna a cikin ƙwaya su bi zuriya, kowace shekara suna rage mata ƙarfi. Sannan girman ƙwayar da aka dasa shi ne guzurin tsiron. Wani bincike da malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo suka yi a Sakkwato, aka buga a 2007, ya nuna manyan ƙwayoyi sun fi ƙanana ba da amfani.

To dubi abin da talauci ke sa manomi ya yi. Manyan kawuna su ne masu kuɗi, sai ya sayar. Abin da ya rage a gindin buhu, ƙanana da tsumburarru, shi ne irin baɗi. Ƙananan nan kuwa sau da yawa ciwo ne ya hana su girma. Wato kowace shekara yana zaɓen mafi rauni ya mayar ƙasa, da hannunsa, ba tare da ya sani ba. Dattijon akasin haka yake yi, kuma ba a rumbu yake zaɓe ba, a fili yake yi. Tun a Janairu yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Tsiron da ya ga zane a ganyensa ya tuge ya kai gida a yi miya. Wanda ya ga ya tsaya kore shar, wuya siriri, ya soka masa tsinke a gefe. Masu tsinken nan su ake cirewa daban, su ne na saman gado. Ranar shuka kuma a ɓare su, a ɗauki manyan ƙwayoyin waje kawai, 'yan sirara na tsakiya su tafi turmi. Haka ya tarar mahaifinsa yana yi.

Saurayin ya sayi tafarnuwa mai kyau, amma ta biyu ce, wadda ba a soka wa tsinke ba, ya kuma dasa ta gaba ɗaya, manya da ƙanana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai shi ba ɗan barewar aka sayar masa ba. Layar da ake nema a kusurwar lambu, tsinke ce a tsakiyarsa.

Saura tambaya ɗaya, wadda dillalai suka fi yi: tun da ana nema haka, me ya hana shi ƙara fili? An yi masa tayin eka biyu da inji, ya ƙi. Wasu suka ce dabara ce ta tsare farashi. Lissafi bai goyi bayansu ba. Zangarniyar gero ɗaya tana ba da ƙwaya dubbai. Kan tafarnuwar gida yana iya ɗaukar ƙwaya 20 ko fiye, amma manyan da suka cancanci dasawa 'yan kaɗan ne, kuma daga tsirran da suka ci jarrabawa kaɗai. Irin ba ya ninkuwa da sauri. Ido ma yana da iyaka: mutum ɗaya zai iya sanin kowane tsiro a rabin eka, ba zai iya a eka biyar ba. Ranar da ya faɗaɗa, dole ya dasa abin da bai zaɓa ba, kuma a ranar tafarnuwarsa ta zama irin ta kowa. Ƙanƙantar lambun tana cikin abin da ake saye.

Wannan ba a bakin gulbin Rabah kaɗai ake ganinsa ba. A yankin Burgundi na Faransa, masu sayen farar giyar inabi sukan yi shekaru a layin jiran kwalabe kaɗan daga wani ƙaramin manomi, alhali giyar gonar da ke jikin tasa ba ta kai rabin kuɗin tasa ba. Sun ɗauki bambancin fili da fili da muhimmanci har UNESCO ta sa filayen inabin yankin cikin kayan tarihin duniya a 2015. Tafarnuwar garin Lautrec a kudancin ƙasar tana da tambarin inganci na hukuma tun 1966. Kusa da mu, Nijar ta yi wa albasar Galmi rajistar suna, don kada wani ya zuba wata albasa a buhu ya kira ta da sunan. Mu a nan, shaidar gawayi ce da amanar dillali. Shi ya sa buhunan da ake sayarwa da sunan irin wannan dattijo sukan fi abin da lambunsa zai iya haifarwa yawa: a sa tasa a baki, a cika ciki da wata.

Amma algus ba shi ne babban haɗari ba. Irin gero yana iya zama a rumbu shekara biyu ko uku ya jira mai shi. Ƙwayar tafarnuwa daga girbin Maris zuwa shukar Nuwamba kawai take da rai mai amfani. Ta tsallake shekara ɗaya ba a dasa ta ba, ta bushe ta zama ɓawo. Ambaliyar da aka yi a wannan yanki a 2010 ta nuna yadda gulbi ke iya share rumbunan ƙauyuka a kwana kaɗan. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin Sakkwato, daga ƙauyukan Gandi a 2018 zuwa kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, sun raba dubban manoma da fadamunsu. Duk wanda ya gudu a watan shuka ya bar daminsa a rataye, ba amfanin shekara ɗaya ya rasa ba, zaɓen da kakansa ya fara ne ya yanke.

Dattijon ya san da haka. Kowace shekara yakan raba irinsa biyu, ya aika rabi wurin 'yarsa da ke aure a wajen Wurno, da sharaɗin a dasa shi daban, a soka masa tsinke. Dabarar mutum ɗaya ke nan, kuma iyakar ƙarfinsa ke nan. Jami'ar da ke Sakkwato tana da gonar gwaji a fadamar Kwalkwalawa, hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima tana da filaye a ƙarƙashin madatsar Goronyo. 'Yan fangali kaɗan sun isa a tattara irin tsofaffin manoman Rabah da Wurno da Goronyo, kowane da sunan ƙauyensa, a riƙa dasa su duk Nuwamba, ta yadda wanda ya dawo daga gudun hijira zai samu inda zai karɓi nasa ya ci gaba.